Kalmomi Tara da Anka Zagaye da Jar Tawada

Zuwa ga Mushe, babban malami mai duba ajujuwan karatun manya na ƙasar Gazawa.

Ranka shi daɗe, gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lahiya, kai da iyali da duk mutanen buro, wato ofishinka. Ina aiki, ina gajiyar hanya? Allah shi ƙara girma.

Ni ne Lawali ɗan Tanko, wanda ke zaune gidan kawunshi Mamman tela, bayan kasuwar Gazawa. Na san ba za ka tuna ni da suna ba. Amma za ka tuna dogon nan da ya zauna bakin ƙofa ranar jarrabawa, wanda ka riƙe takardarshi ka daɗe kana girgiza kai. Ni ne. Na kwafe wasiƙar ga sau uku: ɗaya ta zo buronka, ɗaya na liƙa ƙofar aji, ɗaya kuma za a karanta ta zauren mai garin Gangara. Ba raini ya sa ba. Maganar ce ta wuce ni kaɗai, akwai mutane cikinta, kuma sun ce in faɗa a fili.

Abin da nake nema guda ne, takardar shaidar da ka hana ni. Ga dalilaina.

Na ɗaya. Ni baƙo ne nan. Bara bayan kaka na ƙetaro iyaka daga ƙauyenmu, kudu da Dankama, bayan rasuwar babanmu. Karatuna ba shi da yawa, aji biyu nai na elemantare anka cire ni don noma. Da na zo na tarar ana ta cewa ƙasa ta samu kanta, Nasara ya tahi, kuma gwamnati ta buɗe aji manya su koyi rubuta Hausa. Abin ya ba ni mamaki, don can gida an gaya min lakol, wato makarantar nan, Faransanci kaɗai ake yi. Na shiga. Wata biyar ban rasa rana guda ba, ka tambayi Mushe malaminmu. Ranar da nai zazzaɓi ma na zo, na zauna cikin rana da bargo, daga taga nake kallon allo.

Na biyu. Ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla ka zo da kanka. Ka ce duk wanda ya ci za a ba shi takardar shaida, kuma mai takarda za a tura shi ƙauye ya buɗe aji, buro ya ba shi allo da alli da littattafai. Ka lissafa garuruwan da ba su da malami, ka sa Gangara ciki. Tun daga nan na sa rai.

Sai ka kira tsohon nan mai saida igiya bakin aji, ka ce ya faɗi yadda ya wuni jiya, mu kuma mu rubuta abin da ya ce. Tsoho ya gyara zama ya fara: sadda nai sallar asuba na tahi gun mai gari, yai min magana, nai mai godiya, na komo. Haka ya yi ta ja har kasuwa da la'asar. Na bi bakinshi ban bar komi ba. Har na ji daɗi, don na riga kowa gamawa.

Da ka duba tawa ka zagaye wuri tara da jar tawada. Ka ɗaga ta sama kowa ya gani, ka ce waɗannan ba kalmomi ba ne. Ka ce “nai” da “yai” da “sadda” da “gun” da “min” haɗiye-haɗiyen baki ne na masu ƙyuiyar magana, babu su cikin littafi, kuma wanda bai san bambancinsu da kalma ba bai isa a ba shi aji ba. Mu goma sha biyu munka zauna, bakwai sunka ci. Ban cikinsu.

Ranka shi daɗe, ranar ban gane ba, har yau ma ban gama ganewa ba. Ka ce mu rubuta abin da tsoho ya ce. Na rubuta abin da tsoho ya ce. Waɗanda sunka ci sun rubuta abin da tsoho bai ce ba. Na koma gida na kasa cin tuwo. Kawu ya ce in haƙura, masu buro sun san abin da ba mu sani ba, in zo ya koya min ɗinki. Kwana uku ina taka keke ina karya mai allura.

Na uku. Ba wannan ne karo na farko da na gamu da irin wannan ba, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Can elemantare malaminmu shina dukan duk wanda ya gajarta Turanci. Ni kuwa ina kai gyaɗa tasha, na ɗan tsinci irin na direbobi, inda ake dunƙule kalma biyu ko uku ta zama guda. Na sha bulala kanta. Malam ya ce wannan ba Turanci ba ne, babu shi cikin ƙamus. Wata rana Baturen ilimi ya zo duba mu, tsakar rana, ya jiƙe da zufa. Ya juya yai wa malam magana da sauri, ya haɗiye rabinta, har ya hi direbobi. Malam ya yi ta gyaɗa kai shina murmushi. Bature ya sake faɗa, malam ya sake gyaɗa kai. Ni daga baya na ji abin da ya ce, ruwan sha yake nema. Na tashi na ɗebo mai. Ya sha, ya miƙo min moɗa. Tun ranar nake tambayar kaina: in mai harshe da kanshi ya faɗi abu, kuma ya samu ruwa da shi, mi ya rage mai ya zama kalma? Ban tambaya ba, don bulalar tana kan tebur.

Kuma ka gafarce ni, akwai abin da na ji da kunnena. Da ka fito daga jarrabawar nan, ka tsaya gindin itacen bedi ka ce wa direbanka ya ɗauko “min” jaka, in ya gama “yai” maza ya juyo da mota. Ya ɗauko, ya juyo. Bai tsaya tambayarka ko akwai su cikin littafi ba. Ban faɗi wannan don in kunyata ka ba. Na faɗa don in nuna kai ma ɗan ƙasar nan ne, bakinka irin namu ne.

Na huɗu, kuma shi ne babba. Akwai wata tsohuwa Gangara, Inna Hajo. Mijinta ya rasu da daɗewa. Ɗanta namiji guda ne, Garba, shi ne ɗan farinta. Ya tahi Kumasi dako, ya ce damina ɗaya zai yi, yai huɗu. Idonta ya fara yana, ba ta iya noma. Dangin mijinta sunka ce in bana ma babu mai shiga gonar, za su ba wani aro. Kai ma ka san gonar da ta daɗe hannun mai aro, ba ta cika dawowa da daɗin rai ba.

Sau uku tana zuwa Gazawa gun mai teburin nan da ke rubuta wa mutane wasiƙa. Mutumin ya iya rubutu, ban musa ba. Na ga takardun da idona, don Garba ya komo da su. Hannu mai kyau, layi a miƙe, babu wurin da za ka sa jar tawada. Duk ukun sun fara da cewa zuwa ga ɗana abin ƙaunata Garba, ina mai sanar da kai cewa ba ni da cikakkiyar lafiya. An aika. Ko amsa babu.

Cikin sanyi, tun kafin jarrabawa, ta zo shagon kawu a ɗinke mata zane. Ta tarar ina ta goge-goge kan allona. Ta tambaya ko irin nawa rubutun shina kaiwa Kumasi. Na ce mata ni ban iya tsara wasiƙa ba, ba a koya muna ba tukuna, abin da na iya shi ne ta faɗa in sa. Ta ce ai shi take so. Na ɗauko takarda, na tambaye ta sunan wanda za a rubuta wa. Ta kalle ni kamar na zage ta. Kawu ya ɗago daga keke ya ce, kai ma dai Lawali, ɗan farinta ne fa. Kunya ta kama ni. Uwata ma har yau ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, na sani, ɗokin rubutu ne ya mantar da ni. Sunan dai kawu ne ya gaya min, kuma bayan ambulan kaɗai na sa shi.

Ta juya ta fuskanci bango, ta yi magana. Ga abin da ta ce, ina da kwafinshi:

“Kai wancan. Ni ce. Sadda ka tahi ka ce min damina guda. Nai shiru, nai shiru, yanzu ido ya ƙi. Shekaranjiya na gaida turmi, na ɗauka maƙwabciyata ce zaune. Baffanninka sun ce za su ba da gonar gawo. In kana zuwa ka zo. In ba ka zuwa ka aiko min in sani, in bar sauraren mota. Ban ce ka kawo min komi ba. Shi ke nan, rufe.”

Har “shi ke nan, rufe” ɗin na rubuta, don ban gane ni take gaya wa ba. Sai da na karanta wa kawu yai dariya. Na so in kankare, tsohuwa ta ce a bar shi, takarda tsada gare ta. Anka ba wani mai fataucin goro da zai yi Gwanja har Kumasi. Ni kuwa na manta da zancen, jarrabawa ta zo, ka san sauran.

Ruwan farko ya sauka, bayan kwana biyu ina shago sai ga wani mutum da akwatin ƙarfe a ka, shina tambayar ina Lawali mai rubutu. Na ɗauka wani laifin na sake yi. Ya sauke akwati ya riƙe hannuna biyu ya ƙi saki. Garba ne. Ko Gangara bai kai ba, daga mota nan ya fara zuwa.

Shi ya ba mu labarin yadda abin yake can. Ya ce a zangonsu ba a karanta wasiƙa a ɓoye. Wani Bakatsine ne ya iya boko, shi ke karanta wa kowa, a tsakar gida, mutane na zaune suna ji. Sadda ta farko ta zo, mai karatu ya ce ɗana abin ƙaunata Garba, wurin ya ɗauki dariya. Wani dattijo ɗan Tibiri da ya daɗe can ya ce wace uwa ce a ƙasar Gangara za ta kira sunan ɗan farinta, balle ta ce tana ƙaunarshi a bainar jama'a? Kuma sun saba, duk sadda damina ta matso wasiƙu na zuwa daga gida, duk iri ɗaya, kowa uwarshi ba ta da cikakkiyar lafiya. Sun san dabarar dangi ce masu neman hannun noma. Garba ya ɗauka baffanninshi ne. Ya ninke ta ya sa akwati. Ta biyu haka, ta uku haka.

Ta huɗu ta zo. Ya ce mai karatu ya buɗe ya ce “Kai wancan”, shi bai san sadda ya miƙe tsaye ba. Da anka kai gun turmi mutane sunka fara dariya, sai kuma dariyar ta yanke. Da anka gama, dattijon nan ya dube shi ya ce, “Tashi ka ɗaure kayanka. Wannan uwarka ce.” Cikin makon ya baro Kumasi.

Ranka shi daɗe, na koma na ƙirga. Cikin wasiƙar nan ta Inna Hajo, in da kai za ka duba, wuri shida za ka zagaye, banda “rufe” ɗin ƙarshe. Takardu uku marasa kuskure sun kai Kumasi sun kwanta cikin akwati. Mai kuskuren ce ta ɗauko mutum da akwatin gaba ɗaya. Yanzu haka gero da wake sun tsiro gonar gawo, Garba ya gama noman farko, baffanni sun bar zancen aro. Ya ce in an yi kaka zai kai tsohuwa a duba idon. Ita kuwa da ya shiga gida, an ce ko tashi ba ta yi ba, ta ce a ba wancan ruwa. Amma maƙwabta sun ce wunin ranar waƙa take yi tana tsince wake.

Na biyar. Labari ya kai kunnen mai garin Gangara, ya aiko a kira ni. Na gaya mai gaskiya, na ce na faɗi jarrabawa, ba ni da takarda, Mushe mai duba ya ce ban isa aji ba. Ya tambaye ni ko takardar ce ta rubuta wa Hajo. Na ce a'a. Ya ce to su mai rubutun suke so. Cikin kwana biyu sunka kafa rumfar kara kusa da masallaci. Ba mu da allo, wani ya cire ƙyauren zaurenshi ya ba mu aro, munka shafe shi da gawayi da ƙaro. Ba mu da alli, muna yi da farar ƙasa. Magidanta goma sha huɗu ke zuwa, Talata da Asabar bayan la'asar, in sun taso daga gona. Garba ne a gaba, ya ce ba zai ƙara bari wani ya karanta mai uwarshi a tsakar gida ba. Shekaranjiya ya rubuta sunan garinsu da hannunshi, ya tashi ya zagaya rumfar shina nuna wa kowa.

Kada ka ɗauka na ce littafinku ƙarya ne. Ba ni da wannan bakin. Bayan jarrabawa na zauna na koyi dogayen duka, “na yi” da “sa'ad da” da “wurin” da “mini”, kuma ina koya musu biyun. Ni gidan tela nake, da abin gidan nake gwada musu. Na ce doguwar babbar riga ce, ta zuwa buro da Salla. Gajerar taguwa ce, ta gona da kasuwa da hira da uwarka. Duk tufa ne. Wanda ya ce taguwa ba tufa ba ce, a ba shi hauya ya shiga gona da babbar riga mu gani. Sun gane wannan tun ranar farko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganar da tsoho ya wuni da ita, wadda uwa ta kira ɗanta da ita daga wata ƙasa, wai ba kalmomi ba ne. In ba kalmomi ba ne, mi Garba ya ji?

Wataƙila akwai amsa, ni ne karatuna bai kai ba. In akwai, ka zo ka gaya muna, za mu shimfiɗa maka tabarma mu saurara.

Na shida, roƙona.

Ina roƙo ka zo Gangara ranar kasuwa ka sake jarraba ni, a fili. Ka zaɓi duk dattijon da ka ga dama, ya faɗi abin da ya ga dama, in rubuta. Ka ba ɗaya cikin bakwai ɗin da sunka ci ya karanta da ƙarfi. Dattijon shi ne alƙali, ya faɗa ko maganarshi ce ko ba tashi ba. Sannan ka ce in sake rubuta ta irin ta littafi, kai kuma ka zama alƙali. In na faɗi ko ɗaya, na yarda, ba zan ƙara damunka ba.

In na ci, ka ba ni takardata. Ba don in rataya a bango ba. Sai da ita buro ke ba da alli da littattafai, farar ƙasa kuwa tana marmashewa a hannu, kuma littafi guda gare mu, nawa, ya fara rabewa. Allo ma muna buƙata da gaggawa, don mai ƙyaure ya ce in sanyi ya shigo zai karɓi abinshi.

Ina roƙo kuma, in ka je Yamai gun masu shirya littafin, ka gaya musu su sa gajerun nan ciki, ko da a gefe ne. Yanzu ƙasa tamu ce, an ce. To littafin ma ya san yadda muke magana.

Na ƙarshe, kada a yi wa mai tebur faɗa saboda wasiƙar ga. Yadda anka koya mai ya yi. Ya zo da kanshi ya gaida ni, ya tambaya in nuna mai ta Inna Hajo, ya karanta sau biyu. Jiya na ji ya fara tambayar tsofaffi yadda suke kiran 'ya'yansu kafin ya sa alƙalami.

Allah shi ja zamaninka, shi kare ka a hanya, shi raya maka zuri'a, shi sa ka gama aikinka lahiya. Allah shi ba ƙasarmu damina mai albarka. Mai gari da Garba da sauran 'yan aji duk suna gaida ka. Inna Hajo ta ce a gaya maka in ka zo akwai fura.

Muna jiran amsarka. Kafin ta zo dai, ranar Talata bayan la'asar aji zai zauna, mun kai harafin ƙa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawali ɗan Tanko,
malamin rumfar Gangara.